Murfi Mai Sanyi

Sallama gare ku, masu ƙaunata da masu zuwa ganin ƙwaƙwaf. Waɗanda kuka cika mini waya da saƙo kuna cewa, "Zulaiha, ki rufa wa kanki asiri ki auri Anwar, irinsa ba sa zuwa sau biyu," na gode, Allah ya bar zumunci. Ku gyara zama ku ji abin da gwarzon naku ya aikata ranar Asabar. In kun gama karantawa, wadda har yanzu take so ta turo lambarta, ni da kaina zan haɗa su.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, shekarata ashirin da shida, gidanmu yana Limawa, ina da shagon lalle da kwalliya a Barkin Sale ni da ƙawata Jennifer. Babana Malam Garba kafinta ne, kuma duk unguwa an san shi da abu ɗaya, wato bin layi. Mahaifinsa mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa, a wurinsa ya gaji wannan aƙida. In ka kawo gyaran kujera ka tarar mai akurkin kaji ya riga ka, to sai an gama akurkin, ko da kai kwamishina ne. Muna yara ko tuwo ba a miƙa wa wanda bai fara wanke hannu ba.

Wannan layin ne ya faɗo a kaina. Maza biyu ke nemana. Na farko Muhyiddeen, mai awon filaye, bawan Allah mai sanyin da har haushi yake ba ni. Sai da ya shekara biyu yana rako ƙanwarsa lalle shagonmu kafin ya iya buɗe baki, yarinya har hannunta ya gaji da zane. Amma shi zuciyata ta kwanta da shi, ba zan ɓoye muku ba. Aka sa ranar wata Alhamis kawunnansa za su zo wurin Baba. Na share zaure, na wanke tabarmi, na jiƙa aya. Ana gobe za su zo sai ga saƙonsa: "Kawu ya ce an ɗaga zuwa mako na sama. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ko amsa ban ba shi ba don takaici, na ce a raina dangin ma duk irinsa ne.

Ranar Juma'a sai ga mutanen Anwar, mota uku, turare har bakin titi. Da kawunnan Muhyiddeen suka iso mako na sama, Baba ya ba su ruwa, ya ba su haƙuri, ya ce, "An riga ku. Ba a nema a kan nema." Suka sa takalmansu suka tafi.

Baba bai ce dole ba. Cewa ya yi, "Na karɓi mutane, na ba su wuri. Ranar Lahadi bayan la'asar za su kawo gaisuwa. In kina da dalili ki kawo mini kafin nan, amma dalili, ba ba-na-so kawai ba." To ina zan samo dalili? Anwar ba ya shaye-shaye, yana salla, ubansa na da gidajen mai. In na ce surutunsa ya yi yawa, dariya za a yi mini.

Sai kuma Gwaggo Barira, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe mu tun rasuwar Mama. Ita ce ta yi mini kitson farko, ita ta kwana da ni a asibiti lokacin da na yi taifot. Ƙawar mahaifiyar Anwar ce, Islamiyyarsu ɗaya. Tun da aka fara maganar nan take kiran Anwar "ɗana," Muhyiddeen kuwa "wancan mai igiyar awon." Hatta wayar Baba a ɗakinta take kwana, don shi Baba waya ba ta dame shi ba, sai an kai masa ita har zaure yake sanin an kira shi.

Ranar Asabar da safe ina shan koko saƙon Anwar ya shigo.

"Zee, ki shirya. Yau za ki ga mijinki a fili."

"Mijin wa?"

"Hhhh. Ki sa ja, ya dace da motata."

Kun ji fa. Ni ce zan dace da mota. Na ɗauko wata koriyar atamfa na sa, ɗinkin doguwar riga, na yafa baƙin mayafi. Gwaggo na ganina ta tafa hannu.

"Ke Zulaiha, ina jan leshin da na goge miki?"

"Zafi ake yi, Gwaggo."

"Zafin gidanku. Yaro zai nuna ki cikin abokansa ki tafi kamar ganyen alayyafo?"

Na ce mata Jennifer na jirana a bakin titi, na fice tana ta mita.

Anwar ɗan tseren mota ne, abin da yake taƙama da shi ke nan. Suna da wata ƙungiya wai ita Ƙona Taya, suna haɗuwa can gaba da Maikunkele, a wani fili da aka yanka za a yi rukunin gidaje aka watsar. Titin ya zagaye filin, rabi kwalta rabi jar ƙasa, gefe da gefe gonakin doya ne. Duk gasar da aka yi bana shi ya cinye, kuma ba ya bari ka manta. Hoton kofi a wayarsa, hoton kofi a bayan motarsa, in kuna hira kan ruwan sama ma sai ya san yadda ya kawo kofi.

Ni da Jennifer mun sauka daga keke napep muka tarar da wuri ya cika, an kafa rumfa, kiɗa na tashi, motoci goma sha biyu sun jeru suna gurnani. Saurayin Jennifer, Caleb, shi ma yana tsere da wata tsohuwar farar mota da ya haɗa da hannunsa. Shi ya ja mu gefe ya nuna mana wani ɗan kwalbati da ke gaba kaɗan da inda ake tashi.

"Kun ga wancan? Mota ɗaya kawai yana iya wucewa. Wanda ya fara shiga, race ya ƙare. Sauran mu ƙura kawai za mu sha har a gama."

Na ce, "To ashe ba iya tuƙi ba ne."

"Akwai iyawa small. Amma in ka tashi a baya, ko kai aljani ne sai dai ka bi layi."

"Wa ke raba wurin tashin?"

Ya ce ƙuri'a ake yi. Murafan kwalbar lemo ne guda goma sha biyu, an rubuta lamba a cikin kowanne da fenti, a zuba a malafa a rufe da ƙyalle. Direba ba ya ɗauka da kansa, sai budurwarsa ko ƙanwarsa, wai hannun mace ya fi albarka. Kuma wanda ya ci gasar baya, tasa ce ke fara sa hannu.

"Shi Anwar kullum number one," in ji Caleb, yana girgiza kai. "Sister ɗinshi in ta sa hannu, one. Mutane suna cewa akwai malam da yake masa aiki a Bida."

Jennifer ta ce, "Abeg ka tambaye shi address, mu ma mu je."

Sai ga gogan ya taho, jar riga mai zif har wuya cikin wannan rana, baƙin gilashi, safar hannu, yana tafe yana kaɗa makulli a yatsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Na ce ja."

"Na ji."

Ya yi murmushin da yake ganin yana kashe mata da shi. "Ba komai, za ki koya. Yau ke za ki ɗaukar mini, na ce wa ƙanwata ta huta. Ki riƙe wayarki a hannu."

Ya juya wurin abokansa. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

"In kin sa hannu ki laluba a hankali. Akwai mai sanyi a ciki. Shi za ki ɗauko. Ki goge saƙon nan."

Na karanta, na sake karantawa. Na ɗaga kai ina neman Destiny, wanda shi ke shirya gasar kuma shi ke riƙe malafa. Can na hango shi durƙushe gaban kular lemo, ya tura hannu cikin ƙanƙara kamar mai neman ruwan leda, ya zaro wani ɗan abu ya goge a wando ya jefa a malafar. Jama'a, wannan shi ne malamin Bida. Kular lemo ce da ƙanƙarar ɗari biyu. Duk kofunan nan, duk hotunan nan, duk cika bakin da na sha a zaurenmu, ashe daga cikin kula suka fito. Wallahi dariya ce ta fara zuwar mini, sai daga baya raini ya biyo, irin rainin da ba ya wankuwa.

Aka kira 'yan mata muka yi layi, ni a gaba, Jennifer a bayana. Wani dattijo Banufe da ake kira Ndaliman, tsohon direban tirela, shi ne alƙali, yana tsaye da tutarsa a hammata. Destiny ya miƙo mini malafa yana wani lumshe ido.

"Amaryarmu, bismillah."

Na tura hannu ƙarƙashin ƙyallen. Ban ko laluba ba na ji shi, yana can gefe, sanyi ƙarara har cikin farce. Na taɓa shi da ɗan yatsa. A raina na ce, Zulaiha, in kika ɗauko wannan kin zama 'yar aikin kula har abada, yau murfi, gobe Allah kaɗai ya san me za a ce ki laluba. Na ture shi gefe, na kutsa can ƙasa na ɗauko wani mai ɗumi kamar an ciro shi daga aljihu. Na miƙa wa Ndaliman.

Ya juya shi, ya ɗaga murya. "Anwar, goma sha ɗaya!"

Wurin ya ɗauki ihu. Wani ya ce, "Yau malam ya yi tafiya!" Ban kalli Anwar ba, amma ina jin idonsa a ƙeyata. Destiny kuwa ya so ya ja malafar baya, sai dai Jennifer ta riga ta cusa hannu. Ta zaro, ta yi tsalle.

"Ah ah! Wannan murfi yana sanyi o! Destiny, ka sa shi a fridge ne?"

Kiɗa ne kawai ya rage yana tashi. Destiny ya fara in'ina, wai ruwan kula ne ya ɗiga a kai. Ndaliman ya karɓi murfin, ya duba lambar, ya manna shi a kumatunsa ya ɗan jima. Sannan ya tura hannu cikin malafar ya taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Destiny, ya dubi Anwar, kallon da na tabbata har su mutu ba za su manta ba.

"Caleb, ɗaya," ya ce. "Kowa ya hau inda hannu ya ba shi. Maganar kula kuma sai an sauka."

Aka jera su bibbiyu, jar motar gwarzonku can a layin ƙarshe, kusa da wata ƙaramar mota da aka ce ta koyon tuƙi ce aka cire mata allo. Ndaliman ya sauke tuta. Caleb ya shige kwalbati shi kaɗai, sauran suka taru a bakinsa suna bi ɗaya bayan ɗaya kamar masu shiga masallaci. Anwar ya danno da gudu yana hon, wai a ba shi hanya. Wa zai ba ka? Dole ya taka birki ya jira, ƙura ta rufe shi ruf.

Zagaye na farko yana na goma sha ɗaya. Na biyu ya wuce mota ɗaya, abokansa suka yi ta tsalle kamar ya ci kofin duniya. A na uku haƙurinsa ya ƙare, don mutumin bai taɓa sanin yadda bayan mota yake ba. Ya ce zai yanke ta gefen titi ya sha gaban mai motar koyo, wanda ya riga shi shiga kwalbati. Muna kallo jar mota ta bar hanya, ta yi sama, ta dira a gonar doya, ta hau kan kunya ta zauna daram, tayoyin baya suna ta juyawa a iska. Wata tsohuwa Bagwariya da ke aiki a gonar ta sauke ƙwaryar da ke kafaɗarta ta nufo shi da fartanya tana zazzaga masa faɗa da yarensu. Jennifer ta riƙe ciki ta durƙusa, ni kuwa mayafi na cusa a baki.

Caleb ne ya ci. Mai motar koyo ya zo na bakwai.

Ina tsaye bayan rumfa ina neman keke sai ga Anwar, jar rigar ta koma ruwan ƙasa, gilashin ya ɓata, ganyen doya a kafaɗarsa.

"Ke wace irin daƙiƙiya ce? Ba ki iya karatu ba ne?"

"Na iya. Hannuna ne ba ya son sanyi, lallena zai ɓaci."

"Kin san abin da kika jawo mini? Kin san mutuncina a wurin nan?"

"Na gan shi ai. Yana cikin kula."

Ya matso yana nuna ni da safar hannu. "Ke yarinya ce. Kowa a duniyar nan gyara wurin tashinsa yake yi, wawa ne kawai ke jiran sa'a. Kin ɗauka a gidanku ma haka kawai na riga wancan mai awon filin? Je ki tambayi Gwaggonki wa ya kira kawunsa ya ce Babanki ya tafi ta'aziyya Kontagora. Da ba don ni na iya shiri ba, da yanzu kina can kina riƙe masa igiya!"

Sai da ya gama faɗa ya ji abin da ya faɗa. Na ga bakinsa ya ɗan buɗe. Jennifer da ke bayana ta ce, "Jesus."

Na juya na bar shi a wurin. Dariyar da nake yi tun ɗazu ta ɗauke. Ba Anwar ne ya ba ni ciwo ba, shi na riga na gama da shi tun a bakin malafa. Gwaggo ce. Matar da ta ga ina wanke tabarmi ranar Laraba, har ta ce in ƙara dabino a kunun aya.

A cikin keke na kira Muhyiddeen, karo na farko tun ranar da na yi masa shiru. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zulaiha? Lafiya dai?"

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ya ce a ɗaga zuwanku?"

"Ai daga wayar Baba aka kira Kawu. Gwaggo ce ta ce ya yi tafiya Kontagora, a bari sai mako na sama. Na ɗauka kin sani."

"Da kuka zo aka ce an riga ku, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ku aka tsayar?"

"To, Kawu ya ce ba ma so mu haɗa Baba da 'yar'uwarsa. Manya ne."

Kun ji nawa gwanin kuma. An ture shi daga layi ya koma gefe yana ba da haƙuri. Na ce masa ya sa wayarsa a caji, na kashe.

Na isa gida ana kiran azahar. Tun daga ƙofa ƙamshin cincin ya tare ni, Gwaggo ta baje a tsakar gida da kasko tana suyar baƙin gobe, ta cika roba biyu. Baba yana zaure yana goge ƙafar wani tebur. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa.

"Har an tashi?" ya ce, bai ɗago ba.

"An tashi. Baba, ka ce in kawo dalili."

Ya ajiye abin gugar.

"Makon da mutanen Anwar suka zo, ka je Kontagora ta'aziyya?"

"Kontagora? Rabona da Kontagora tun Mamanku na da rai. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Haka aka kira kawun Muhyiddeen da wayarka aka gaya masa, ana gobe za su zo. Shi ya sa ba su zo Alhamis ba."

Ƙarar matsami a kasko ta tsaya. Baba ya juya a hankali ya dubi ƙofar tsakar gida.

"Barira."

Ta taho tana goge hannu a zani, ta tsaya a bakin ƙofa. Ban iya kallon fuskarta ba.

"Yaya, gata na yi mata. Yarinyar nan ni na raine ta, ba zan zuba ido ta ƙare a gidan haya ba. Kwana ɗaya ne fa kawai."

"Kwana ɗaya," in ji Baba. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. "Na zaunar da dattawa a kan tabarmar nan na ce musu an riga su. Na karanta musu hukunci. Suna kallona, sun san ba haka ba ne, suka yi shiru suka tafi. A ƙofar gidana, da bakina."

Ya miƙe ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya ɗauki hularsa a kan ƙusa.

"Ina za ka, Yaya? Ko salla ba ka yi ba."

"Zan yi a masallacinsu. Mutanen da na kora daga wurinsu, da ƙafata zan je." Ya dube ni. "Ke kuma kar ki yi murna tukuna. Mayar da mutum layinsa ba ɗaura aure ba ne."

Na ce to, ina share ido da bakin mayafi. Cincin na can yana ƙonewa, ba wadda ta motsa a cikinmu.

Baba ya ja ƙofar zaure ke nan muka ji tsayuwar motoci. Na leƙa ta bayansa. Mota uku, manyan riguna, huhun goro da katan-katan na alewa ana saukewa, kawun Anwar a gaba yana gyara babbar riga yana washe baki. Gaisuwar da aka ce sai gobe bayan la'asar, ita ce a ƙofarmu yau da azahar. Ko wanka ba na jin gogan ya yi, ya fito daga gonar doya ya tashi danginsa, don su riga labarin isowa.

"Malam Garba, mun ce abin alheri ba a jinkirta shi, shi ya sa muka..."

Baba ya gyara hularsa, ya nuna musu bencin da masu kawo gyara suke zama a kai a ƙofar gida.

"Sannunku da zuwa. Ku zauna a nan ku jira," ya ce. "Akwai waɗanda suka riga ku."

Ya ratsa ta tsakaninsu ya tare keke.